Awa Uku a Ɗakin Gaggawa

Inna,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya. Ya ƙafar Baba? Ina labarin Yaya da jaririyarta?

Kada hankalinki ya tashi, na warware. Ranar Talata da hantsi ina cikin guga a wurin aiki jiri ya ɗebe ni, na faɗi. Abokiyar aikina ta kai ni asibiti ta koma.

Inna, a can ba wanda ya riga zuwa ake fara dubawa ba, sai wanda ya fi jin jiki. Wata nas ta auna jinina da zafin jikina, ta ɗaura mini 'yar farar roba mai sunana a hannu, ta ce in jira. Da aka sa mini ƙarin ruwa, ina kallon yadda yake ɗiga, sai labulen gadon ya koma mini zaninki a kan igiyar shanya, iska tana kaɗa shi. Har na ji kamar kina kirana daga tsakar gida.

Likita ya ce jinina ne ya yi ƙasa. "Kina cin abinci kuwa?" Na ce ina ci. To, ina ci, idan na tuna.

Da za a sallame ni, nas ɗin ta ce, "Wa zai zo ɗaukarki?" Na ce babu kowa. Sai ta riƙe mini jaka, ta tsaya tare da ni a bakin titi har motar haya ta zo.

Ki sa ta a addu'a, Inna. Ko sunanta ban tambaya ba.

'Yarki,
Auta