Na Matse wa Yaya Intanet, Abin Ya Faɗa Kan Mama

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, wayona ya ja mini.

Intanet ɗaya muke amfani da shi a gida, na'urar tana kan firij, ni ke kula da ita. In Yaya ya kunna ƙwallo, sai kowa ya ajiye waya. Ni kuwa ina na ga bakin ce masa ya rage? Sai na shiga saitin na'urar a ɓoye, na nemo lambar da ta ba wayarsa, na ƙayyade mata gudu ɗan kaɗan. Kwana biyu muka sarara.

Ashe in aka ɗauke wuta na'urar ta sake tashi, sabon rabon lambobi take yi. Lambar Yaya ta koma kan wayar Mama. Sati uku ke nan, duk ta kira autarmu da ke aure can nesa, hoto ya daskare, kira ya yanke. Mama ta ce yarinyar ce ke kashe mata waya, ta yi fushi ta daina kira. Ga Auta da tsohon ciki, kullum kuka. Jiya na gano, na gyara, amma Mama ko wayar ba ta kallo. In na faɗi gaskiya, Yaya zai san abin da na ƙulla masa. Wallahi kunya ta ishe ni.

Ƙanin Mai Ƙwallo

Ɗana, rabon gudu ba laifi ba ne, Yayanka ma ya cika son kai. Ɓoyewar ce ta kai ka ta baro ka.

Na'urar mai sauƙi ce. Ka ɗaure wa kowace waya lambarta ta dindindin, yadda ɗauke wuta ba zai sake cakuɗa su ba. Ka yanka wa kowa rabonsa, har da kai, a gaban kowa, na Mama ya fi yawa.

Amma ka fara da Mama, yau ɗin nan. Ka durƙusa ka faɗa mata komai, Yaya na zaune. Zai harare ka, wataƙila ya yi kwana biyu bai amsa gaisuwarka ba, zai huce. Ita Auta laifin da ba ta yi ba take ɗauke da shi, ga haihuwa ta matso. Kana gama magana ka danna lambarta da hannunka, ka miƙa wa Mama, ka ja Yayanka ku ba su wuri.

Allah ya sauke ta lafiya, ya sa Mama ta ga fuskar jikanta tar, ba daskarewa.