Carbin Hajiyar China

Daren Laraba, Zulhajji, unguwar Misfala, Makka

Ƙafafuna sun kumbura, tun asuba nake tsaye a shago. Bayan la'asar wata tsohuwa 'yar China ta shigo neman tsaraba, tare da jagoran tawagarsu mai jin Larabci. Na zube mata carbi, ta ɗauki ɗaya ƙirar China tana ta jujjuya shi.

Jagoran ya kira ni "ya ammi", wato baffa, ya ce mini, "'Yarta a masana'antar carbi take aiki, can birni a China. Ƙauyensu yanzu tsofaffi ne kawai da jikoki. Sau ɗaya a shekara ake zuwa ganinsu."

Na ce to ga na Turkiyya, kada ta koma gida da kayan gida. Ta girgiza kai, ta damƙe na hannunta. Ya ce, "Wannan take so. Ta ce wataƙila 'yarta ce ta zura masa zare."

Na sa mata a leda. Shekara da shekaru ina farke kwalayen carbin nan na China, ban taɓa tuna hannun da ya yi su ba. Yanzu ma ban san abin da nake ji ba. Gobe wasu kwalayen za su iso, kuma ni zan farke su.