Sevara Ta Yi Allurar Ƙyanda

Zuwa ga 'yata Nargiza,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Bahodir, Ya sauƙaƙa muku sanyin Rasha. Mu nan lafiya lau, inabin tsakar gida ya nuna, gwiwata ce kawai take ta tsegumi.

Kwantar da hankalinki, 'yarki Sevara ta yi allura. Amma sai da aka sha fama. Ƙyanda ta shigo unguwarmu, sai labari ya biyo ta cewa allurar ta kashe wani yaro a ƙauyen gaba. Mahaifiyarki ta rantse ba mai taɓa mata jika, ta ce in kuma na matsa, in nemi mai gasa mini gurasa.

Feruza, ma'aikaciyar jinyarmu, ba ta yi gardama da kowa ba. Gida-gida ta bi tana tambayar wa ya fi shigo musu. Kowa ya ce Tursunoy, mai kai gayyatar biki. Kin san ba a barin baƙo ya fita bai gutsuri gurasa ya kurɓi shayi ba, ita kuwa gida talatin take shiga a yini, da jikoki uku a bayanta. Labarin a bakinta, tarin ƙyandar kuma a bakin jikokin.

Sai Feruza ta ɗauke ta a mota har ƙauyen. Suka tarar da mamacin a kan katanga yana shan kankana! Tursunoy ta ce wallahi sai da ta mintsine shi, ya yi ƙara, sannan ta yarda. Suna dawowa aka fara allurar da jikokinta, masu tarin kuma aka zaunar da su a gida. Tun da ba a rufe bakin Tursunoy, Feruza ba ta ko gwada ba, ta dai bar ta ta sake zagaye gidaje talatin ɗin da sabon labarin, ita kaɗai.

Washegari mahaifiyarki ce ta farko a layi, riƙe da hannun Sevara, tana faɗa wa mata ita dama ba ta taɓa yarda da zancen banza ba. Na ce ƙwarai kuwa, don ina son gurasata. Sevara ta yi kuka kaɗan, yanzu kuwa kowa ya shigo sai ta nuna masa damtse.

Ki gaishe da Bahodir da ƙaninki Ulugbek, ki ce wa Ulugbek waya ba ta cizo. Mahaifiyarki da gwaggonki Mastura suna gaishe ku.

Mahaifinki mai yi muku addu'a kullum,
Ergash