Yatsun Masu Wanki

Ranar Talata

Zuwa ga Maman 'yan biyu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Baba? Allah ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. 'Yan biyu suna lafiya, sai kewarki.

Dalilin rubuto miki shi ne in sanar da ke cewa an naɗa ni shugaban rumfar zaɓe a makarantar unguwarmu, a ajin da ke kusa da famfo. An damƙa mini akwati, da na'urar tantance yatsa, da ƙasidar ƙa'idojin zaɓe mai shafi talatin da biyu. Tun kafin in buɗe ta na yi mata bango da takarda mai kauri, na manne ciki da waje da gam, kamar yadda nake yi wa duk ƙasidun da suka koya mini ɗan abin da na sani. Na karanta ta sau bakwai. Abu ɗaya ne ke damuna: akwai wasu takardu rawaya guda hamsin a cikin kayan, ban ga bayaninsu a ko'ina ba.

Kin san tun da sojoji suka sauka, wannan ne karo na farko da mace za ta jefa ƙuri'a ba tare da sa hannun mijinta ko waliyyinta ba. Amma majalisar riƙon ƙwarya ta gindaya sharaɗi: duk gundumar da matanta da suka fito zaɓe ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, za a ce su ne ba sa so, a mayar da su tsohon tsari. Ga shi mutane sun yi sanyi, suna cewa an canza hula ne kawai, kan yana nan.

Saboda haka na je gidan wanki wurin Yaya, na karanta mata shafi na tara, inda sharaɗin yake, tana murza zanin gado. Ta yi dariya, ta kira ni da sunan da take tsokanata da shi, ta ce, "Kai dai Shafi-nawa, ba ka gajiya? Zan zo, in kuma kwaso matan nan, don kada ƙanena ya yi gadin akwati shi kaɗai." Ta karɓi farar rigata za ta wanke ta goge mini.

Ki sa ni a addu'a. A gaida Baba.

Mijinki,
Baban 'yan biyu

Ranar Lahadi

Zuwa ga Maman 'yan biyu,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Baba, ina sanar da ke cewa an yi zaɓe jiya, kuma ban san yadda zan faɗa miki ba.

Na buɗe rumfa ƙarfe takwas daidai. Yaya ce a gaban layi, bayanta mata talatin da bakwai, kowace da katinta a hannu. Wallahi sai da na juya na share ido. Ta ɗora babban yatsanta a kan na'ura, na'ura ta nuna ja. Na goge gilashin, ta sake, ja. Muka gwada na hagu, muka gwada manuni. Na kama hannunta na duba, sai na ga babu zane ko ɗaya a yatsun, sun yi sumul kamar bayan cokali. Shekara talatin na sabulu da ruwa sun cinye su. Da waɗannan yatsu ta raine ni bayan rasuwar Inna, ban taɓa dubansu ba sai jiya.

Cikin su talatin da takwas, huɗu kaɗai na'ura ta karɓa. Shafi na goma sha huɗu ya ce wanda na'ura ba ta tantance ba, kada a ba shi takardar ƙuri'a. Na karanta musu a fili, har sau biyu, domin kada a ce na ɓoye wani abu. Wata dattijuwa ta ce ashe har inji an koya masa neman izinin miji. Yaya ta ce mata ta yi shiru, ƙanenta ba ya ha'inci, abin da ke rubuce yake bi. Sannan ta gyara mini wuyan riga, ta ja su suka fita.

A bakin ƙofar makaranta suka haɗu da matan kasuwa suna tahowa. Ta taga na ga suna magana, na ga sun juya tare. Daga nan har ƙarfe huɗu, mata tara ne suka shigo. Na zauna ina jin ɗigar famfo.

Na bi doka, Maman 'yan biyu. Me ya sa abinci ya ƙi shiga?

Mijinki,
Baban 'yan biyu

Ranar Alhamis

Zuwa ga Maman 'yan biyu,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Na ji daɗi da kika ce ya fara zama.

Ranar Litinin na mayar da kaya ofishi. Jami'ar da ke karɓa ta ga takardun nan rawaya ba a taɓa ko ɗaya ba, ta tambaye ni ko na'urata ba ta ƙi kowa ba ne. Na faɗa mata gaskiya. Sai ta ɗauki reza ta tsaga bangon da na yi wa ƙasidar. A cikin murfin baya, daidai inda na shafa gam, an buga ƙarin bayani da jan rubutu: idan na'ura ta ƙi yatsa sau uku, a dubi fuska a dubi kati, a cika takarda rawaya, a bar mutum ya yi zaɓe. Yana hannuna tun ranar farko. Ni na rufe shi, don kada ya yi datti.

Jiya aka bayyana sakamako. Gundumarmu ba ta kai ba. Wasu na cewa ko da matan nan sun jefa ba za ta kai ba, amma su ba su tsaya a tagar da na tsaya ba. A rediyo wani babba ya ce ga shi mata sun nuna zaman gida suka fi so.

Na je gidan wanki da murfin a hannu, na nuna wa Yaya, na faɗa mata komai a gaban matan. Na so ta zage ni. Ba ta ko tsayar da wankin ba. Kin san tun rasuwar mijinta ni ne waliyyinta a takarda. Abin da kawai ta ce shi ne, "Ba komai, auta. Zaɓe mai zuwa sai ka sa mini hannu, tunda kai na'ura ta san yatsanka." Sannan ta ce in kawo farar rigata, ta ga tawada a hannun rigar.

Ban kai mata ba. Tana nan rataye a bayan ƙofa. Idan kin dawo, ke ma ni zan sa miki hannu, kuma ban san da wace fuska zan ɗauki alƙalamin ba.

Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Mijinki,
Baban 'yan biyu