A Gyara Handikaf ɗin Malam Ayuba Kafin Ya Bar Sakkwato

Zuwa ga Shugaba da Kwamitin Gasa na kulob ɗinmu na wasan golf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, ranku ya daɗe, na rubuto a fili ne domin sau biyu ina kawo wannan magana ofis a asirce, ana ce mini za a duba.

Sunana Bello, ina sana'ar nama a Mabera. Wanda ya fara damƙa mini sandar golf shi ne Malam Ayuba, tsohon malamin lissafi, mutumin Filato da ya ƙare aikinsa a nan garin. Ya koyar da ni a aji, ya koyar da ni a fili. A kansa nake wannan kuka.

Na ɗaya. Kun fi ni sanin amfanin handikaf. Rangwamen bugu ne da ake yi wa mutum gwargwadon ƙarfinsa, domin gwani da ɗan koyo kowa ya sa rai da kyauta a rukuninsa. Na gwani kaɗan ne, na mai rauni da yawa. Na Malam shida ne, tun yana da ƙarfinsa. Shekara huɗu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma hannun hagu bai dawo daidai ba. Wasansa na yau na mai ashirin da wani abu ne, allonku kuwa har gobe shida yake nunawa. Don haka kowace gasa kuna jefa shi cikin gwanaye, samari masu jini a jika. Ya buga, ya tafa wa waɗanda suka ci, ya koma gida hannu rabbana.

Na biyu. Ba zan ɗora muku laifin duka ba, domin ni ke rubuta masa katin ƙidayar bugu. Idan ya yi bugu takwas a rami ɗaya, sai hannuna ya ƙi, in rubuta biyar. Nauyinsa nake ji. Sauran abokan wasansa ma haka suke yi. Muna ganin kara muke yi masa, alhali katunan nan ne suka hana a ƙara masa rangwame.

Na uku. Da na farga, bayan Babbar Sallah na kawo katuna uku na gaskiya, ban rage ko bugu ɗaya ba. Sakatare ya duba, ya ce wannan tozarta dattijo ne, ya jefa su a aljihun tebur. Amma ku ɗin nan, wanda duk ya ci kyauta, kafin ya isa gida kun rage masa handikaf. Wajen ragewa ba ku da nawa, ƙarawa ce kawai ke ba ku kunya.

Na huɗu, kuma shi ya fi ci mini rai. Na tafi gidansa a Gidan Dahala in nemi gafara, sai na tarar ya daɗe da sani. Malamin lissafi ba ya ɓata ƙidaya daga ɗaya zuwa takwas. Ya gaya mini yana sa hannu a katunan ne kawai don kada ya ƙaryata ɗalibinsa a gaban jama'a. Shekara huɗu yana rufa mini asiri, ni kuma ina zaton nasa nake rufawa. Na fito daga gidan ina share hawaye, ban ma iya yi wa Mama, matarsa, sallama ba.

Gasar ƙarshen shekarar nan ita ce tasa ta ƙarshe, domin 'ya'yansa za su mayar da shi gida Filato. Ya ce ba zai sa sunansa ba, ya gaji.

Saboda haka ina roƙonku ku fito da katunan nan uku, ku yi masa lissafi da su, ku sa shi a rukunin da ya dace kafin a rufe rajista. Ku riƙa duba handikaf ɗin duk wanda ciwo ko tsufa ya taɓa, ba sai ya roƙa da bakinsa ba. Ban ce ku ba shi kofi ba, don ba zai karɓi abin da bai ci ba. Kuma na san dokar kulob ta tanadi dakatarwa ga wanda ya rubuta ƙarya a kati. Ku fara da ni. Na yarda in tsaya a bakin fili ranar gasar, in dai zan ga Malam ya buga.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon yin adalci, ya sa ku tsufa cikin waɗanda za su faɗa muku gaskiya.

Wassalam.

Naku,
Bello, Mabera, Sakkwato.