Ni Na Taɓa Geron Dibora

Daga:
Hajiya Tambaya Abdullahi,
Gida mai shuɗiyar ƙofa, bayan injin niƙa,
Tudun Wada, Gusau, Jihar Zamfara.

Zuwa ga:
Mai girma Magatakarda,
Jami'ar Kimiyya ta Kwarin Ɗorawa,
Hanyar Bungudu.

Litinin, 10 ga Nuwamba, 2025.

GAME DA: HUKUNCIN KORAR ƊALIBA DIBORA AYAMGA, DA HANA NI BA DA SHAIDA A GABAN KWAMITI

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar girmamawa, wannan ita ce takarda ta uku da nake kawowa a kan magana ɗaya. Ta farko sakatarenka Malam Sama'ila ya ce babu kwanan wata. Ta biyu ya ce ban jera maganata da lamba ba. To ga kwanan wata, ga lamba. Ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, in an ga kuskure a yi haƙuri da shi, gwiwoyina ba za su ɗauki hawan benenku karo na huɗu ba.

Ni ce mai gidan da ofishinku na ɗalibai 'yan ƙasashen waje ya sauki Dibora Ayamga, 'yar arewacin Gana, tun watan Oktoba na 2023, lokacin da aka ce ba a gama rufin ɗakunan kwanan mata ba. Tana digiri na biyu a sashen kimiyyar shuke-shuke. Kwamitin ladabtarwa ya yanke cewa ta yi maguɗi a bincikenta, za a kore ta ranar Juma'a, 21 ga wannan wata. In an kore ta, takardar izinin zamanta ta mutu, ta koma ƙasarsu hannu rabbana bayan shekara biyu. Ƙorafina shi ne kamar haka:

1. Ranar da aka kawo ta, an miƙo mini takarda shafi huɗu da Turanci, aka ce in dangwala hannu. Abin da direbanku ya fassara mini duka biyu ne: a ba ta ɗaki mai taga, kuma ranar Lahadi tana zuwa coci. Na ba ta ɗaki mai taga biyu. Babu wanda ya zauna ya gaya mini cewa a jami'arku gero ma karatunsa ake yi.

2. Daga kakar 2024 yarinyar nan ta shiga yawon ƙauyukan Tsafe da Bungudu a bayan kabu-kabu, tana karɓo irin gero wurin manoma, tafin hannu ɗaya ɗaya, tana zubawa a 'yan jakunkunan takarda masu lamba, har guda talatin da huɗu. Wurin ajiyarsu ɗakin sanyi na sashenta ne. Malaminta, Dakta Gideon, ya ce ta tafi da su gida don firijin ya lalace. Ranka ya daɗe, firijin lafiyarsa lau. Zoɓo da kunun aya ne a ciki, na matar wani ma'aikaci da ba zan kama sunansa ba, mai baƙar mota, wanda ya ƙara aure bara. Ba gulma ba ce, mai sharar wurin a unguwarmu take zaune.

3. A watan Fabrairu na bana na je suna Bungudu. Ina shiga, wata 'yar uwar mijina, Maimuna, ta tare ni a gaban mata cike da tsakar gida, ta ce ashe yunwa nake bari tana cin baƙuwata, ga ta can tana bin gidaje tana roƙon gero. Aka yi dariya. Ni da na saba kawo labarin mutane, ranar nan ni ce labarin. Na dawo na tambayi Dibora, ta ce, Inna, na makaranta ne. Na ɗauka kunya ce, don ko ni ce haka zan ce. Da ta fita lacca na shiga ɗakinta na buɗe jakunkunan. Abin da na gani ya ɓata mini rai: ƙananan ƙwayoyi, tsumburarru, wasu baƙi wasu ja, irin wanda a gidana ko kunun mai jego ba a yi da shi. Na ce an ga baƙuwa ce an ba ta shara. A wurinmu ba a yi wa baƙo kyautar abinci ido da ido, sai ya ji kamar an ce masa mayunwaci. Saboda haka na ɗauko faifai, na bi jaka bayan jaka, na bakace, na zuba wa kaji ƙananan, na cike gurbin daidai awonsa da geron gonarmu ta Furfuri wanda ɗana Buba yake nomawa, irin da muke kira zango, mai doguwar zangarniya. Na mayar da kowace jaka na ɗaure yadda na same ta. Kwana uku na yi ina wannan aiki, har bayana ya riƙe. Kajin kuwa an yanka su da ƙaramar Sallah, Dibora ta ci cinya biyu ta ce ba ta taɓa cin kaza mai daɗinsu ba.

4. Daga baya ne na ji cewa ƙananan ƙwayoyin nan su take nema, don su ne masu nuna da wuri ko ruwa ya ɗauke. A watan Yuni leburorin gonarku suka shuka jakunkunan, kowace da layinta. A ƙarshen Agusta layi talatin da huɗu suka fito da kai iri ɗaya, duk zango, sai ɗai-ɗai da suka tsere wa faifaina. Kwamitin Farfesa Jatau ya zauna ranar Talata, 14 ga Oktoba, ya ce ba ta je ƙauye ko ɗaya ba, mudu guda ta saya a kasuwar Gusau ta rarraba. Yarinyar da ta taɓa dawo mini da ƙafa a kumbure don babur ya kayar da su a hanyar Tsafe, ni na gasa mata da ruwan zafi har mako guda.

5. Dibora ta san gaskiya tun Satumba, don da bakina na gaya mata. Duk da haka ba ta fasa gaishe ni da ɗebo mini ruwan alwala ba. A gaban kwamiti ta ce kuskuren ajiya ne kuma nata ne, ta ƙi ambaton sunana. Ni kuwa na zo da ƙafata. Ranar 14 maigadi ya ce ba ni da katin shiga. Ranar Talata, 28 ga Oktoba, na shigo a motar masu kawo burodi, na zauna a benci daga hantsi har la'asar, sai Malam Sama'ila ya fito ya ce dokar jami'a ba ta san shaidar wanda ba ɗalibi ba kuma ba ma'aikaci ba. Na ce ai dokar ta san ni ranar da kuke neman ɗaki. Ya koma danna wayarsa. Na san wadda yake yi wa saƙo, na san uwarta, amma wannan ba hurumin takardar nan ba ne.

6. An ce ko an yafe mata babu amfani, don ba za a sake samun irin ba, wasu ƙauyukan sun tashi saboda halin da ake ciki, hanyar wasu kuma ba ta shiguwa. Ƙauyukan sun tashi, gaskiya ne, amma matan gidajen da suka ba ta irin suna nan. Wasu suna Tsafe wurin dangi, wasu a Bungudu, wasu a cikin Gusau a kangwayen da ba a gama ginawa ba. Macen ƙauye ko ta bar tukunya ba ta barin iri, a haɓar zane take ƙulle shi. Na san inda goma sha tara daga cikinsu suke, na san wadda ta haihu da wadda mijinta bai dawo ba. Shekara da shekaru ana ce mini mai shiga gida-gida. To ga ranar da shiga gida-gidan zai yi wa wani amfani.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon mai girma Magatakarda abubuwa uku. A dakatar da korar ranar 21, a kira ni gaban kwamiti in faɗi abin da na yi, zan zo da faifan da sauran zangon a gwada da na gonarku. A goge kalmar maguɗi daga takardunta, don wannan kalma za ta bi ta har ƙasarsu, kuma ba ita ta yi ba. A ƙara mata damina ɗaya tare da sabunta izinin zamanta, ni zan riƙa raka ta wurin matan nan, ɗakinta kuma yana nan. In dole sai an hukunta wani, a cire gidana daga jerin gidajen da kuke saukar ɗalibai. Zan ji zafinsa, don tun rasuwar maigidana su ne hirata, amma na yarda.

Na gaji, ranka ya daɗe. Tun Satumba tuwo ba ya yi mini daɗi. Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci, Ya sa wannan takarda ta wuce teburin Malam Sama'ila.

Taka mai biyayya,
Hajiya Tambaya Abdullahi
(sa hannu da dangwale)

Ƙarin bayani: Ina cikin naɗe takardar nan Dibora ta shigo ta karɓa ta karanta. Ta ce kada in kai. Ta ce a garinsu ba a tsayar da tsohuwa gaban maza ana yi mata tambayoyi, gara ta koma gida da sunan mai maguɗi. Na ce a garinmu kuma baƙo ba ya ɗaukar laifin mai gida, na ce ta ba ni takardata. Ta ce, Inna, ba kya jin magana. Na ce shekara saba'in da ɗaya ke nan ana gaya mini. Idan ta riga ni zuwa ofishinka ta ce tsufa ne ya ruɗa ni, kada ka yarda da ita, ƙarya ce irin wadda ta yi a gaban kwamiti, don ni take yi, don kanta ba ta iya ba. Ta ajiye takardar a kan tabarma, ta ɗauki jakarta ta fita, ta bugo ƙofar har sakata ta faɗi ƙasa.