Ajin Hawa na Uku

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ko da yake na san ba lafiyar, kuma ba za ki faɗa ba. Likitanki ya kira ni. Sau biyu ba ki je gwajin numfashi ba. Ya ce ciwon nan da ya ɗaure miki fatar yatsu ya kai huhu, yana barin tabo, tabon kuma ba ya gogewa. Amma kullum kina hawa bene uku ki koyar da lissafi! Na'urar iskar da aka ba ki tana bayan ƙofa, har kin rataya mata tawul. Haba Yaya!

Taki, Auta.

Auta,

Na amsa gaisuwa. Likitan nan bakinsa ba ya shiru. Lafiya lau nake hawa, ina tsayawa ne in karanta allon sanarwa. Shekara ashirin da biyu ina koyarwa, ba zan shiga aji da roba a hanci yara su maishe ni abin kallo ba. Ki ji da gidanki.

Yayarki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Babu allon sanarwa a hawa na biyu. Mai sharar makarantarku ta ce a nan ta tsince ki zaune a matakala, leɓɓanki sun canja launi, kika ce mata takalmi ne ya matse ki. Na rubuta wa shugaban makaranta komai. Ki yi fushin, na ɗauka.

Auta.

Auta,

Gaisuwa sai wani lokaci. Sannu da aiki! Shugaba ya karɓe ajina, saura mako shida jarrabawa, ya ba wani sabon malami da ke rubuta amsa kafin yara su yi tunani. Ni kuma an ajiye ni a ɗakin tsofaffin fayiloli, ni da ƙura. Tarin da nake yi yanzu ya ninka. Wa ya aike ki?

Yayarki dai.

Yaya,

Barka da war haka. Ba wanda ya aike ni. Tun rasuwar Mama ke kaɗai kika rage mini, ba zan zauna in jira waya daga matakala ba. Na je wurin shugaban, na ƙi tashi daga ofishinsa. Ya ce, "Baiwar Allah, ashe halin na gida ne." Zai sauko da ajinki ƙasa, amma sai da na'urar. Sauran ya rage naki.

Ki huta lafiya, Auta.

Auta,

Ina gaisuwa. Na shiga da ita. Yaran sun yi kallo na minti biyar, ɗaya ta tambaya ko da zafi, sai suka koma surutunsu. Na kai ƙarshen darasi ban zauna ba.

Gwajin ranar Laraba ne, ƙarfe tara. Ki zo ki kai ni. Kada ki yi mini magana a mota, ban huce ba.

Yayarki.